Gana Masunci da Wuƙar Surukinsa

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Rajab na shekarar 1373, wato sha bakwai ga Maris 1954, ina tsakiyar feɗe akuya a rumfata ta kasuwar Haɗeja aka zo aka ce mini Gana masunci ya cika da hantsi. Na ce wa mai saƙon ya koma ya duba da kyau, domin Gana ya taɓa aiko mini da labarin mutuwarsa don kawai in rufe rumfa in yi asarar ciniki. Ya ce wannan karon har masu haƙa kabari sun tafi. Na ajiye wuƙa, na zauna a kan ɗanyar fatar da na feɗe ban san a kanta na zauna ba. Na Allah muke, kuma gare shi za mu koma.

Ni ne Inuwa mahauci. Wanda ya ga ina tsokanar mamaci a takarda kada ya ce ba ni da tausayi. Tsakanin mahauta da masunta akwai wasa tun iyaye da kakanni, kuma ni da Gana mun riƙe namu da gaske, ba mu taɓa rabuwa ba tare da ɗayanmu ya kira ɗaya bawansa ba. Gana, da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce kafin in iya rubuta sunana sai an binne ka. To, ka yi kuskure kaɗan. Na iya nawa tun bara, ga shi yau naka nake rubutawa, kuma wallahi ban so haka ba.

Duk gardamarmu a kan wuƙa take. Ni tawa gado ce daga mahaifina, ina wasa ta safe da yamma, ba na ba da aronta ko ga ɗan cikina. Kai kuwa taka daga maƙerar Umara ta Kaugama take fitowa, wanda yake ƙera su da tsohuwar garmar da manomi ya gaji da ita. Baƙar aba ce, mummuna, bakinta ma a karkace, an naɗe mariƙinta da guntun fata, kuɗinta bai kai na furar mutum biyu ba. Kana rataye ta a damtse cikin kube, kana tafiya kana buɗa hannu sai ka ce takobi ka ɗauko.

Wata shekara na bi ka zango, na ga abin da kake nufi. Idan ruwa ya fara janyewa bayan kaka, masunta sukan kwashe komatsansu su shiga fadamun gabas da gari, su kafa bukkoki su zauna har zafi ya shigo. Na tafi da wuƙar mahaifina don in nuna maka yadda wuƙa take. Da muka isa aka ce kowa ya sari kabar da zai rufe bukkarsa. Na dubi kaba, na dubi bakin wuƙata, na mai da ita kube. Aka ce a faskara icen girki, na ce kaina na ciwo. Kai kuwa da wannan baƙar abar ka sari kaba, ka fere sanduna, ka ɗora ta a kan ice ka buga bayanta da dutse ya rabe biyu, ka tono gaiwa daga busasshen taɓo, ka goge ta a cinya, ka yanka mana albasa da ita. Da ta dakushe ka goga ta a gindin fasasshiyar tukunya ta dawo. Ranar a bukkarka na sha inuwa, ina rungume da gadona.

Ka ce mini dalilinka ba ya da yawa. Ƙarfe ɗaya ne daga tsini har gindi, babu gaɓar da laka za ta shiga, ba irin ta kanti mai naɗewa ba, wadda sai mutum ya sa hannu biyu da farce kafin ta buɗe, alhali wanda igiyar ƙugiya ta naɗe wa ƙafa a cikin ruwa hannu ɗaya gare shi. Ka ce kuma wuƙar da mutum yake tsoron ɓatanta ba za ta yi masa aiki ba, shi ne zai yi mata. Ban yarda a gabanka ba, kuma ko yanzu ban ce na yarda ba, na dai rubuta.

Gaskiyar magana kuwa, Allah bai halicci mutumin da ya kai ka yar da wuƙa ba. Wadda ba ta zame maka a ruwa ba ka manta ta a gindin goriba, wadda ba ka manta ba ka miƙa wa wani. Makiyayi ya zo wucewa ya ce a ara masa wuƙa ya yanke igiya, kai ka ce ya tafi da ita. Matafiyi ya sauka a zango, ka cika masa jaka da banda, ka cusa masa wuƙa a ciki don kada ya rasa abin yanka a hanya. Umara ya taɓa ce mini in dai kana da rai shi ba zai yi noma ba. Mutanen zango kuma suna cewa ranar da kogin nan ya ƙafe, ƙarfen Gana da za a tsinta ya isa a ja reluwe daga Malam Madori har ƙofar gari.

Sai Allah ya kawo auren Gumsu. Ita ce 'yarka ta fari, don haka ba ka kiran sunanta, ba ka zama inda take, in ta gaishe ka sai ka amsa kana kallon katanga. “Yarinyar nan” kawai kake cewa. Ta auri Alhaji Abdulwahid mai sayen gyaɗa a Malam Madori, mutum mai kyauta, mai kunya, ba ya zagi, ba ya duka. Abu ɗaya ne da shi: in ya ga kamar an raina kyautarsa sai ya yi shiru, shirun nan kuma a kan matarsa yake sauka.

Wata rana ya dawo daga Kano da wuƙa mai mariƙin azurfa, kubenta jan fata mai zane. Ya durƙusa a gabanka a cikin jama'a ya ce, “Baba, waɗannan ƙarafan ba su dace da damtsenka ba. Wannan nake so in riƙa gani a jikinka.” Ka sunkuyar da kai ka ce madalla, don suruki ba ya musu da suruki. Da la'asar ka zo rumfata fuskarka kamar an ba ka ajiyar maciji. Ni kuwa na juya ta, na gwada bakinta a gashin hannuna, na ce duniya ba adalci, irin wannan a hannun mai ƙarnin kifi.

Dabarar farko da ka yi ita ce ka tura ta ƙarƙashin tukunyar 'Yar'azumi matarka, ka tafi zango da ta Umara. Ba a rasa mai kai labari ba. Alhaji ya daina cin abincin Gumsu, ya daina amsa gaisuwarta, har ta zo wajen uwarta da kuka. Daga nan ka gane cewa zaman yarinyar nan a ɗakinta yana rataye ne a damtsenka na hagu.

Duk wanda ya je zango a shekarar nan ya ga abin kallo. Ka ɗaure wuƙar Alhaji da igiya a damtse, ka zaga igiyar a wuya, ka ƙulle ta a ƙugu. Ta aiki kuma tana ɗaya damtsen, har aka sa maka suna Dogari. In ka hau goran kamun kifi za ka shiga ruwa, sai ka ɗaga hannun hagu sama don kada azurfa ta jiƙe, kana tuƙi da na dama kaɗai, goran yana ta zagaya da kai wuri ɗaya. Mutane suka ce kifin kogin nan bai taɓa samun lafiya irin ta shekarar ba.

Abin da kake gudu bai fasa zuwa ba. Wata safiya ka riga ka ba wani baƙo wuƙarka ta aiki, sai ga wata Bafillatana tana kururuwa a bakin ruwa, ɗan maraƙinta ya faɗa cikin igiyar ƙugiyoyi yana nutsewa. Ba ka tsaya tunani ba. Ka faɗa ruwa, ka zare ta Alhaji, ka fara yanke igiyar da ka ɗaure ta da ita don hannunka ya kai, sannan ka yanke ta maraƙin. Maraƙi ya ji ya kuɓuta, ya yi maka godiya da ƙafar baya, wuƙa ta yi sama ta faɗa inda ruwa ya fi zurfi. Zango duka aka shiga nutso har rana ta yi tsaka. An fito da wuƙaƙe da dama, duk naka ne na shekarun baya, kowace ta ci tsatsa, amma ban da ita.

Ni na raka ka Malam Madori, domin kunya ba za ta bar ka ka yi bayani da bakinka ba. Na tsara magana iyakar iyawata, na sa maraƙin ya zama babban sa, na sa Bafillatanar ta zama tsohuwa marar kowa. Alhaji ya saurara, ya ce ba kome, ya sa aka kawo mana fura. Bayan kwana kaɗan sai ga Gumsu a gida da goyo, wai an ce ta zo ta huta. Ba saki aka yi ba, amma hutun nan ya ci damina guda. Kai kuma kana shiga gida ta bayan rumbu don kada ku haɗa ido. Sai da manya suka sa baki Alhaji ya huce, ya zo biko da kansa, ya zo da turame da goro. Ana cikin murna sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wata wuƙar, wadda ta fi ta farko kyau, ya durƙusa ya ce, “Baba, Allah ya sa wannan ta daɗe.” Ni dariya ta kama ni, na fita bayan gida na yi ta har da hawaye. Da na dawo na tarar kai ba ka yi ba.

Tun daga ranar ba ka sake shiga ruwa ba. Ka ce wa mutane sanyin ƙashi ne ya kama ka, aka yi ta kawo maka saiwoyi kana sha kana yamutsa fuska, alhali lafiyarka ƙalau. Kana bin masunta zango dai, amma a gaɓa kake zama wajen banda, kana juya kifin da wasu suka kamo, azurfa tana ƙyalli a damtsenka, in za ka yanka wani abu sai ka ari wuƙa a hannun mata. Mutumin da tun yana yaro ba a gane shi da tufa busasshiya ba. Na sha zuwa in tarar an fita kamun kifi, kai kana zaune kana bin gorunan da ido, bakinka yana motsi kana gaya musu inda za su bi, ba mai jin ka. Na tsokane ka a kan kome a duniya, amma ban taɓa tsokanarka a kan wannan zaman ba.

A wurin zaman makoki Alhaji Abdulwahid ya karɓi wuƙar nan ta biyu, ya zare ta yana nuna wa jama'a, idonsa cike da hawaye, yana cewa a duba yadda Baba ya ƙaunace ta, ko ɗigon tsatsa babu, ko kaifinta ba a taɓa ba. Kowa ya ce haka ne. Ni ma na gyaɗa kai, don wuri ne na jama'a. Amma da na koma gida matata ta ce mini ta ji Gumsu a cikin mata tana kuka, tana cewa ita ba ta san ko mahaifinta ya damu da ita ba, bai taɓa kallon fuskarta ba, bai taɓa taka gidanta ba sai ranar da ya kai labarin ɓatan wuƙa. Wannan ya sa na nemi fensir.

Allah ya jiƙan ka, Gana. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa alherin da ka yi wa matafiya da makiyaya ya tarye ka, ya shayar da kai daga ƙoramun Aljanna. Ni na yafe maka duk zagin da ka yi mini, nawa kuma na san ka yafe. Ina yi wa 'Yar'azumi ta'aziyya, da 'yan'uwanka, da masuntan Haɗeja duka, da Umara na Kaugama. Ina yi wa Alhaji Abdulwahid ta'aziyya, mutumin kirki ne, da alheri ya nufa, Allah ya saka masa. Ina dai roƙonsa in zai sake yi wa masunci kyauta ya tsaya a kan hula.

Ke kuma Gumsu, ki sa a karanta miki wannan. Wata rana na matsa wa mahaifinki, na ce ya daina yi mini ƙaryar sanyin ƙashi. Ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa ba muddin yana raye. Ya ce, “Inuwa, na san hannuna. In na shiga da ita za ta tafi, in na bar ta a gida za a kai labari. Kifi na ci rabona. Gumsu dai ta zauna a ɗakinta.”

Tun haihuwarki nake tare da shi, kuma ranar ce kaɗai na ji sunanki a bakinsa. Allah ya ba ki haƙuri, ya sa ki riƙa tuna shi a addu'a. Amin.