Gerona da Tattabarun Harami

A unguwar Misfala ta Makka na yi farkon zaman aurena, ina dama fura ina sayar wa alhazai. Gero sai a hannun fataken Sudan ake samu, shi ma ba kullum ba. In na surfa na wanke na shanya a kan soro, kafin in juya baya tattabaru sun sauka. A cikin Harami ba a kashe tsuntsu, su ma sun sani, shi ya sa suke kallon mutum ido cikin ido.

Soron da ke manne da namu na wata tsohuwa ce 'yar ƙasar Sin. Aikin Hajji ya kawo ta da mijinta, mulki ya juye a ƙasarsu a bayansu, suka zauna. Larabcinta a karye, nawa ma haka, sai muka dace. Hala nake ce mata, wato inna da Larabci.

Ran nan ta same ni ina zagin tattabaru, ta ba ni labarin da wani ɗan garinsu ya zo da shi. Sababbin masu mulki sun karɓe gonaki daga hannun manya, sun ce ƙasa ta kowa ce. Na ce wannan kam ya yi mini. Sannan sun ce tsuntsaye ɓarayin abincin talaka ne, gari guda ya fito da kwanoni a yi ta bugu, tsuntsu ya rasa wurin sauka har ya faɗo. Abin ya ɓata mata rai. Ta ce malamansu na da sun koyar cewa sama da ƙasa da mutum 'yan gida ɗaya ne, wanda ya kori ɗan gida shi zai gaji aikinsa. In tsuntsu ya ƙare, wa zai ci fara? Har yau, bayan na koyi karatu da furfura a kaina, ina juya tambayar nan. Amma a ranar, maganar kwanon kawai na ji.

Washegari na hau soro da tasa da muciya. Bugu ai ba kisa ba ne. Unguwa ta ɗauka, Hala ta leƙo ta kan katanga.

"Ya binti, ke ma kin zama hukuma?"

"Hala, ni gerona ba na kowa ba ne."

Da la'asar maigidana ya dawo da saƙon liman: a Harami ko razana tsuntsu haramun ne. Na mayar da shi ya tambayo ko zama ma haramun ne. Liman ya ce a'a.

Daga nan duk ranar shanya sai in zauna a tsakiyar tabarma da ɗinkin hulata, rana na dukana, ba na korar tattabaru. Iya inda inuwata ta kai nawa ne. Gefe-gefen kuwa suna ci ina kallo, da abin da ya saura nake dama fura.