Ranar da Na Hana Gyara a Kafin Maiyaƙi

“Ɗana, babanka ya rasu ne?”

Haka Inna Hari mai kawo nono daga Dangora ta tambaye ni a kasuwar Kafin Maiyaƙi, wajejen 1989. Ranar Baba ya bar mini rumfar geronsa. Ni kuwa ɗan boko, na ce asara ta ƙare: in cika mudu, in shafe bakinsa, babu gyara. Kafin azahar masu saye sun gudu.

“Subhanallahi! Lafiyarsa ƙalau, Inna.”

“To ina hannunsa? Gero ai ko'ina akwai. Ɗan abin da yake ƙara mini ne yake kawo ni.”

Kunya ta rufe ni. Na kamfato da hannu biyu na zuba mata.

Har yau ban sake shafe mudu ba. A garinku ana gyara kuwa?