Kwalabe Shida na Rahila

Cikin shekaru ashirin da 'yan kai da na yi ina aikin ɗakin gwaje-gwaje, akwai safiyar wata Litinin da har yau ba ta fita raina ba. A lokacin ni ne babban mai kula da kayan aiki a wani ɗakin bincike kusa da Kudenda. Duk safiyar Litinin nakan buɗe firji in bi kwalabe ɗaya bayan ɗaya. Doka ce, kuma ni na rubuta ta na manna a ƙofa: duk ruwan da ya kamata ya zama garau, in ya gurɓace, bakteriya ta shiga, a zubar kafin ya ɓata na wasu.

Ranar na tarar da 'yan kwalabe takwas na Rahila, ɗalibar digiri na biyu da ke zuwa daga Kamazou. Ranar Juma'a na gan su tas. Yanzu shida sun yi fari-fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Ko tsayawa ban yi ba, na juye shidan cikin bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, har ina jin na yi mata gata.

Wajen ƙarfe tara ta shigo, ta buɗe firji, ta daɗe a tsaye.

"Baba, ina sampul ɗina?"

"Sun lalace, na zubar. Ki ƙara kula da hannunki."

"Baba, wata huɗu ke nan ina neman su yi farin nan."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauko ɗaya cikin biyun da suka rage, ta ƙara masa furotin yadda ta yi wa sauran, nan take ya yi fari. Ta ɗiga a gilashi, ta sa a maikiroskof, ta ce in duba.

Ga waɗanda ba 'yan sana'ar ba: RNA wani siririn zare ne da ke kai saƙo cikin ƙwayar halitta. Idan ya haɗu da wasu furotin, sukan ware kansu daga ruwan, su taru ɗigo-ɗigo kamar man gyaɗa a kan miya, ba tare da wata fata ta rufe su ba. Haka ƙwayar jikinmu ke yi in zafi ya matsa mata: ta tattara RNA wuri ɗaya, in an samu sauƙi ta sake shi. Abin da Rahila ke son nunawa a kwalba ke nan.

A maikiroskof ɗin na ga ɗigo biyu sun taɓa juna sun zama ɗaya. Ta ƙara ruwan gishiri, farin ya washe. Na san bakteriya ba ta haɗewa haka, gishiri kuma ba ya ɓatar da ita cikin ƙiftawar ido. Kunya ta rufe ni.

Matsalar ita ce RNA ɗin daga ƙasar waje aka aiko shi cikin ƙanƙara, ɗan kaɗan, kuma sai an maimaita gwaji sau uku kafin a karɓe shi. Biyun da suka rage ba za su kai ba. Saura mako uku ta kare aikinta gaban malamai.

Dokta Asabe, mai duba aikinta, ta kira mu ofis.

"Wa ya taɓa kayan?"

"Ni ne, Dokta. Doka na bi."

"Dokar ta hana ka tambaya?"

An cire sunan Rahila daga jerin masu kare aiki na wannan zangon. Sai da ta jira wata shida kafin sabon kaya ya iso, 'yan ajinta duk suka fita suka bar ta.

Ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma hakan ya fi damuna. Sai dai daga ranar kowace kwalbarta na ɗauke da 'yar takarda: "Baba, da gangan ne."

Dokar tana nan a ƙofa, don sau tara cikin goma gaskiyarta ce. Abin da nake gaya muku, ku da kuka shigo aikin yanzu, shi ne sabon ma'aikaci ba zai yi wannan ɓarnar ba, domin zai ji tsoro ya tambaya. Ni ƙwarewa ce ta sa hannuna ya riga bakina. Rahila na da waya, lambarta na cikin tawa, kuma minti ɗaya ya isa.