Yashin Tsibiri a Miyar Gwaggo

A shekarar 2018 na yi abin da ba a saba yi a gidanmu ba: na samu hutun shekara, ban je Kano ba. Ina aiki a wani kamfanin kwantena a Jebel Ali da ke Dubai, wani abokin aikina ɗan Indonesiya kuma ya cika min kunne da labarin wani tsibiri a ƙasarsu mai yashi ruwan hoda. Ni kuwa da zarar an kwaɗaita min abu, barcina ya ƙare. Na gaya wa Inna ta waya. Abin da ta ce kawai shi ne Allah Ya tsare. Wannan gajeriyar amsar ta bi ni har cikin kwalekwalen da ya kai ni tsibirin.

Amma fa wurin ya yi kyau. Na zaci ƙarin gishiri ne irin na masu hoto, sai ga shi yashin da gaske ruwan hoda ne, inda igiyar ruwa ta jiƙa shi ma har ya fi ja. Mai kwalekwalen ya ce ɓarɓashin murjani ne ya gauraya da farin yashi. Na cire takalmi, na naɗe wando, na dinga zirga-zirga ina dariya ni kaɗai, ƙato da gemu. A nan na yi la'asar, goshina ya kwaso yashi, na ƙi sharewa.

Sai zancen tsaraba. Bahaushe ba ya dawowa hannu biyu, kuma ba abin da nake so Inna ta gani kamar yashin nan. Mai kwalekwale ya ce an hana ɗiba, ban kuwa ɗiba ba. Da na koma masauki dai na kakkaɓe takalmana da naɗin wandona a kan jarida, na samu abin da ya kai cikin tafin hannu. Da na dawo Dubai, a ɗakina na unguwar International City na wanke shi tas, na shanya, na zuba a tsohuwar kwalbar kori, na bar ta a kicin.

Ba a jima ba Gwaggo ta sauka. Ƙanwar mahaifina ce, 'yar kasuwa, tana zuwa sarin abaya da turare ta sauka a unguwar Al Ras. Ita ce idon Inna a Dubai. Abin da ta koma ta faɗa a kaina, shi Inna za ta riƙe. Ran Juma'a na ɗauko ta a tasi don ta yi mana tuwo ni da abokan zamana biyu, tun a hanya ta fara.

"Wato kai ɗan nan, duk yashin da ke Dubai bai ishe ka ba? Ka bar uwarka tana zuba ido, ka tafi kallon ƙasa? Khalas, magana ta ƙare, ni dai abin da na gani zan faɗa."

"Gwaggo, na yi mata tsaraba."

"Riƙe abarka. Yalla, nuna min tukunya."

Ta kore mu daga kicin. Gwaggo ba ta yarda a tsaya mata a kai in tana girki, kuma duk zuriyarmu ba mai ja da miyar kukarta. Ƙamshin daddawa ya cika gidan har maƙwabcinmu ɗan Pakistan ya leƙo. Aka zuba, muka yi bisimilla. Lomar farko na ji ƙaras a haƙorina. Na dubi abokaina, kowa ya sunkuyar da kai yana tauna a hankali kamar mai ciwon haƙori. Wa zai fara magana?

Gwaggo ta kai tata lomar, ta tsaya.

"Kai, wa ya sayar maka da jar kanwar nan? An cuce ka. Na zuba, na ƙara, miya ta ƙi yauƙi."

Na tashi na ɗauko kwalbar. Saura ɗan kaɗan a gindi.

"Gwaggo, tsarabar Inna ce. Yashin tsibirin ne."

Ɗaya abokin nawa, wanda ya san yadda aka samo shi, ya ce, "Hajiya, daga takalminsa ma ya kakkaɓo."

Na ce yau tawa ta ƙare. Gwaggo ta yi salati, ta kurkure baki, ta sake salati. Sai kafaɗunta suka fara rawa, ta kece da dariya har da hawaye, mu ma muka samu hanya. Da ta lafa ta zuba ragowar a tafinta, ta je bakin taga tana juya shi da yatsa.

"Haka ƙasar take gaba ɗaya?"

Na nuna mata hotuna. Ta daɗe tana kallo, ta ce ikon Allah, ta ƙulle yashin a bakin mayafinta. Tuwon kuwa da yaji da mai muka ƙarasa shi.

Bayan ta koma, Inna ta kira ni. Tun kafin mu gaisa na ji dariya a muryarta, abin da na yi watanni ina jira.

"Ga ƙasarka nan a hannuna," ta ce. "Gwaggonka ta ce ba ta da daɗi a miya, amma ka yi gaskiya, tana da kyau. Hutu mai zuwa ka zo ka ba ni labarin da bakinka."