Jadawalin Baban Ummi

Jama'a, yau na kama mai kafa dokar gidanmu dumu-dumu!

Tunda aka shiga dogon hutu maigidana, Baban Ummi, ya manna jadawali a ƙofar falo: Islamiyya da safe, bitar karatu da hantsi, kallo sai bayan La'asar. Kullum zai fita sai ya zare wayar jona talabijin ya cusa a aljihu. Wai ni nake sangarta yara!

Ɗazu da Azahar na ji gidan tsit. Ba Ummi, ba ƙaninta Abba. Na zari mayafi na fita nemansu. Maƙwabciyata ta ce, "Leƙa shagon Emeka mai kaset."

Na leƙa. Janareta na ruri, ana kallon kokawar Turawa. Ga 'ya'yana a ƙasa, baki buɗe. Wa ke kan benci yana ihun "Maka shi da ƙasa"? Baban Ummi! Wanda ya ce yana da taro a Jama'are!

Ya hau in'ina: "Ai... kamo su na zo yi."

Emeka ya ce, "Madam, kullum nan Oga yake zama."

Na zaro wayar daga aljihunsa, na ce, "Malam, La'asar ba ta yi ba. Tashi mu je bitar karatu."