Ƙofar Garken Clarrie

Dessie ƙanena ne, mai walda, a nan garinmu na alkama da tumaki. Bai taɓa aure ba. Rumfar waldarsa ita ce gidansa, ita ce kuma majalisar gari. Duk manomin da ƙarfensa ya karye nan zai kawo, ya zauna, a dafa shayi, a zagi gwamnati, a zagi fari.

Injin girbi ne ya cinye masa ƙafar hagu. Aka yanke, aka ba shi ta roba. To amma ƙafar da babu ita ba ta daina ciwo ba. Yakan ce kamar an tsoma yatsun a garwashi. Shekara tara yana haka, babu maganin da bai haɗiya ba.

Sai likitocin birnin Perth suka ce saura dabara ɗaya. Suka huda ƙoƙon kansa, idonsa biyu fa, suka zura wasu wayoyi sirara har cikin ƙwaƙwalwa, suka dasa batir a ƙirjinsa, suka ba shi ɗan rimot na kunna abin da kashe shi. Sun ce ba kowa take yi wa ba. Shi ta yi masa. Garwashin ya lafa.

Amma likitar da ta yi aikin ta ja masa kunne. Walda an gama. Wutarta ba ta shiri da abin da ke kansa, ko ya kashe shi bai tsira ba.

Ba wanda ya guje masa da gangan. Ƙarfe ne ke kawo su, ƙarfe kuma ya koma garin gaba. Kullum da safe zai buɗe rumfa, ya ɗora buta, ya jera kofi shida. La'asar ta yi ya mayar da biyar a bushe. Wata bakwai.

Ran nan sai ga Clarrie, tsohon abokinsa mai tumaki, da karyayyar ƙofar garke ta ƙarfe a bayan mota.

"Kai, gurgu! An ce sun saka maka rediyo a ka. Yana kamo labarai?"

"Marowata yake kamowa. Ga shi ya kamo ka."

"Ɗan ɗigon walda ɗaya ne, mutumina. Ai ba ka mance ba?"

Dessie ya dubi ƙofar. Ya san in ya ce a'a, ko injin mota Clarrie ba zai kashe ba. Ya ce, "Zuba mana shayi." Ya zaga baya, ya danna rimot ya kashe abin, ya janye tamfol daga kan injin walda.

Kafin ƙarfe ya ɗau zafi ƙafar ta farka. Aikin minti goma, ya ja shi awa biyu. Ya goge, ya auna, ya sake aunawa, gumi na zuba cikin hular walda. Clarrie na ta zuba labarin wani rago, bai lura da komai ba.

Da yamma na kai masa abinci, na same shi a ƙasa ya jingina da bango. Ya kunna abin, amma wutar ƙafar ba ta kwanta ba tukuna.

Na kira shi da cikakken sunansa, na ce, "Desmond, so kake ka kashe kanka?"

Ya ce, "Yaya Noreen, kofi biyu za ki wanke yau."

Na wanke. Injin kuma bai mayar masa da tamfol ba.