Akwatin da na sayo wa Inna a Katsina

Muna sallame sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da ƙanwar maigidana, da ƙullin cuku na tsaraba da zannuwan jariri. Suna za mu je Katsina, gidan ƴar baffana da ta yi jika. Amma gaskiya ba sunan kaɗai ne ya fitar da ni daga Dakoro ba.

Autanmu yana Tamanrasat, aikin gini yake yi, shekara shida ke nan bai zo gida ba. Inna kuma yanar ido ta fara rufe mata gani, likita ya ce ganin zai ci gaba da raguwa. Duk Juma'a in ya kira ta bidiyo, ƙarshenta a ɓacin rai muke rabuwa. Hoton ya daskare, bakinsa a buɗe, fuskar ta zama wasu ƴan dabbare-dabbare kamar tabarmar roba. In ɗaga salula sama, in koma gindin bedi, in taka turmi, duk a banza. Inna ta yi ta cewa: "Shi ne? Ki matso da shi mana." Wace za a matso? Forfen ma, wato datar da na saya, kafin a gama gaisuwa ya ƙare. Da na ji ana cewa a Katsina akwai wani ɗan akwatin wifi da ake ajewa a ɗaki, sai na ƙudurta ba zan dawo ba sai da shi.

Inna ta so ta biyo mu. Ni na hana, na ce hanya za ta wahalar da ita.

Hanyar kuwa ta nuna halinta. Mutum takwas a motar mutum biyar, ga wani dattijo da ya rantse akuyarsa ba ta hawa saman mota. Daga Dakoro zuwa Kornaka na sa ido a kan salula: sanda biyu, sanda ɗaya, sannan babu komai. Sai ka hango dogon ƙarfen rezo, wato sabis ɗin waya, can tsakiyar gonakin gero, da allunan hasken rana a gindinsa, ka ce to ga shi, kana wuce shi kaɗan ya sake ka. A Maradi abin ya ɗan gyaru. Muna cin waina a bakin tasha saƙonnin kwana da kwanaki suka yi ta shigo mini a jere, har da gaisuwar mutuwar da an riga an yi addu'ar bakwai. Na ga kuma inda aka haƙa rami a gefen titi, mai wainar ta ce igiyar intanet ake binnewa. Na tambaye ta ko za ta kai Dakoro. Ta dube ni, ta ƙara mini yaji.

Bayan Ɗan Isa aka sauke mu, aka duba takardu, aka sake dubawa a gaba. Muna ƙetarawa salulata ta yi mini barka da zuwa, kafin mu kai Jibiya ta cinye ɗan kuɗin da ke ciki ba tare da na kira kowa ba. Na yi innalillahi na kashe ta.

Gidan ƴar baffana cike yake da mata. Can kan kabad na ga abin: fari, bai fi faranti ba, fitilu uku suna ƙyaftawa. Mata kusan goma kowa na jan rezo daga jikinsa, wannan na kallon wa'azi, waccan na aika hotunan jariri, ba wadda ta ɗaga hannu sama ko ta taka turmi. Da muka kwatanta da ƴar baffana, abin da nake zubawa a forfe na sati ɗaya ya kusa kai ta rabin wata. Raina ya ɓaci ƙwarai. Harshenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, tafiyar yini ce tsakaninmu.

Ita ma dai ba ta rasa nata kukan ba.

"Ke dai ba ki sani ba," in ji ta. "Sun ƙara kuɗin data, kuma nan da unguwa biyu ba ya ja. Ga wuta. Bari ki gani."

Ba ta rufe baki ba aka ɗauke. Fitilun akwatin suka mutu, mata suka yi "ahh" baki ɗaya kamar an ɓarar da miya. Sai da aka tayar da janareta.

Ranar Juma'a da la'asar na kira auta ta bidiyo da rezon akwatin. Wallahi sai da na zauna. Ga shi nan sarai, kamar ta taga nake kallonsa. Ya rame, ya yi baƙi, akwai tabo a goshinsa wanda ban san shi da shi ba. Kuma gemunsa ya fara fari. Autan Inna, wanda na goya!

"Yaya, yau kam ina ganin ki. Ina Inna? Ba ta salular."

Na ce Inna tana gida. Ya ce ba komai. Na shiga bayi na yi kukana, na wanke fuska na fito aka ci gaba da rabon goro.

Washegari na shiga kasuwa na sayi akwatin, da kuɗin da na daɗe ina tarawa na kitso da ƙuli-ƙuli. Mai shagon ya kunna, ya nuna mini yana aiki, na yi godiya. Ban tambaye shi komai ba. Me zan tambaya? Tukwanena na Katsina ne, atamfar jikina ta Katsina ce, injin markaɗen maƙwabciyata daga can aka kawo shi, ba wanda ya taɓa ƙin aiki don ya ƙetare iyaka. Na naɗe shi a cikin zani biyu, na rungume shi a cinya tun daga Katsina har Dakoro. A duwan, wajen ƴan kwastan, da aka ce in buɗe, sai da na roƙi ma'aikacin ya riƙe shi a hankali.

Mun iso ana kiran magariba. Da safe maƙwabta suka taru, aka sa layina a ciki, aka jona da kuran, wato wutar lantarki. Fitila ɗaya ta kama, ja. Muka jira. Muka juya shi gabas, muka ɗora shi kan katanga. Ja dai. Na kai wa mai gyaran salula a kasuwa, bai ko kwance shi ba.

"Hajiya, wannan ɗaure yake da layin can, ba ya karɓar namu. A Maradi ana iya kwance shi. Amma ko an kwance, abin da ke garin zai ja. Shi ba ya haifar rezo."

Na dawo gida da shi. Yanzu haka yana kan kabad, na lulluɓe shi da ƙyalle saboda ƙura, kowa ya shigo sai ya tambaya ko rediyo ne.

Na rasa yadda zan gaya wa Inna, ashe ta riga ta ji. Ta ce in zauna kusa da ita a tabarma.

"Ke kin gan shi?"

Na ce na gan shi. Na ba ta labarin ramar, na ɓoye tabon. Da na zo kan gemun sai ta kama hannuna.

"Fari? Ta gefen hagu ya fara?"

Na ce e, ta hagu.

"Haka na ubanku ya fara." Sannan ta ce: "To ki kai ni inda kika gan shi, tun idon yana nan."

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan, kuma da tsada na koya. Na je ɗauko rezo in kawo wa Inna, alhali shi ba ya shiga jaka, inda aka kafa shi nan yake zama. Inna ce ya kamata in ɗauka. Na riga na yi magana da direba, ranar Alhamis kujerar gaba tata ce ita kaɗai, ba akuya. Allah Ya sa a bar mana wuta ranar Juma'a.